Daga ƙofar gida zuwa intanet: tarihin cinikin kayan kwance a Faransa da Amurka ta fuskar sunaye

1. Gabatarwa

A wannan takarda za mu bi tarihin wata ƴar sana'a da ta yaɗu a Amurka da Faransa tun daga tsakiyar shekarun 1990. Mutum ne zai yi sammako ran Asabar ko Lahadi, ya zagaya wuraren da magidanta suka baje tsoffin kayansu a ƙofar gida ko a dandalin gari, ya saya da araha, ya koma gida ya ɗauki hoton abin da ya samo, ya sa shi a intanet, ya sayar da riba. Amurkawa suna kiran wannan baje koli da sunan wurin da ake yin sa, wato garejin mota ko filin ciyawa na gaban gida. Faransawa kuwa « vide-grenier » suke cewa, ma'ana kwashe ɗakin ajiya na ƙarƙashin rufi. Da yake Hausa ba ta da tsayayyen suna ga abin, mun zaɓi mu ce « kasuwar ƙofar gida », kayan kuma mu kira su kayan kwance kamar yadda aka saba.

Mai karatu na iya tambayar abin da ya kai malamin ilimin harshe cikin tarkacen Turawa. Dalilin shi ne, tsakanin safiyar Asabar da aka sayi abu da ranar Litinin da aka sayar da shi, babu abin da ya sake a jikinsa, sai dai ko an share ƙura. Sunansa ne ya sake. Da safe « tsohon kwano » ne, da maraice ya zama tangaran na masana'anta kaza, ƙirar shekara kaza. A ganinmu ribar sana'ar tana zaune a tsakanin waɗannan sunaye biyu, kuma tarihinta shi ne tarihin wanda ya san suna na biyu da wanda bai sani ba. A lura, duk inda muka ce dala a nan, dalar Amurka muke nufi, kada mai karatu na Nijar ya ɗauka dalarmu ce ta tamma biyar.

2. Ƴan tsumma na Paris

Cinikin tsohon kaya a Turai daɗaɗɗe ne. Bikin « braderie » na garin Lille, wanda ake yi a farkon kowane watan Satumba, ana danganta asalinsa da wata kasuwar shekara ta ƙarni na 12. Amma kakan mai sana'ar da muke magana a kai shi ne « chiffonnier », ɗan tsumma na birnin Paris a ƙarni na 19, takwaran ƴan jari-bola na garuruwanmu. Da dare yake fita, kwando a baya, ƙugiya da fitila a hannu, yana tonon sharar da aka zubar bakin titi. Tsumma ya kai wa masu yin takarda, ƙashi ya kai wa masu yin manne da maɓalli, ƙarfe da kwalba kowanne da mai sayensa. Abin lura shi ne yawancin abin da ya tsinta a kan sikeli ake sayensa. Ba a tambayar rigar wa ce ko wa ya ɗinka ta, nauyinta kawai ake biya.

A watan Nuwamba na 1883 Eugène Poubelle, « préfet » na yankin Seine, ya sa hannu kan dokar da ta tilasta wa masu gidaje su tanadi mazubin shara mai murfi. Sunansa ya zama sunan mazubin har yau, misalin da muke ba ɗalibai a aji na sunan yanka da ya rikiɗe ya zama sunan gama-gari, ko da yake ba kowane mai mulki zai yi murna da irin wannan gado ba. Ga ƴan tsumma dokar ta taɓa abincinsu, a daidai lokacin da masana'antun takarda ke barin tsumma suna komawa ga itace. Da yawa daga cikinsu suna zaune a bayan ganuwar birni, can suka riƙa baje abin da ya fi kyau cikin tsintuwarsu. A Saint-Ouen ana ɗaukar 1885 a matsayin shekarar da aka kafa « marché aux puces », wato kasuwar ƙuma, sunan da shi kansa zagi ne ga kayan. A wannan kasuwa ne tsohon abu ya sauka daga sikeli ya fara samun farashin kansa, ɗaya bayan ɗaya. A nan kuma aka san « chineur », mai yawon duba tarkace da idon wanda ya san abin da yake nema.

Daga baya ƙungiyoyin agaji suka shiga sana'ar. A Boston wani limamin coci, Edgar Helms, ya kafa Goodwill a 1902, yana tattara tsoffin kaya daga gidajen masu hali, talakawa su gyara, a sayar. A Faransa Abbé Pierre ya kafa Emmaüs a 1949, mutanensa kuma suka rayu da tsintar tarkace. Za mu sake haɗuwa da irin waɗannan ƙungiyoyi a ƙarshen hanya.

3. Kasuwar ƙofar gida a Amurka

Kasuwar ƙofar gida ta Amurka daga yalwa ta fito. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu miliyoyin iyalai suka tare a sababbin unguwanni na bayan gari, kowane gida da fili da wurin ajiye mota, sayayya ta yawaita, ƙaura daga gari zuwa gari ta zama ruwan dare. Kaya suka yi wa gidaje yawa. A shekarun 1960 da 1970 al'adar fito da su ƙofar gida ta bazu ko'ina, ana tallarta a ƙananan sanarwowi na jaridun gari da kwali da aka manna jikin falwaya. Ta kai har a 1987 aka ƙirƙiro wadda ake yi a gefen babbar hanya mai lamba 127, kwana huɗu a farkon watan Agusta, wadda daga baya tsawonta ya kai mil 690, fiye da kilomita 1,100, daga jihar Michigan zuwa Alabama.

Gretchen Herrmann, masaniyar halayyar al'umma da ta shafe shekaru tana nazarin waɗannan kasuwanni, ta nuna a wani bincike na 1997 cewa abin da ke sauya hannu a wurin yana tsakanin kyauta da haja. Mai gida, sau da yawa mace, so take ta rabu da kaya, kuma tana so su faɗa hannun wanda zai ji daɗinsu. Takan sa farashi na jeka-na-yi-ka, takan ƙara wa yaro abin wasa kyauta, takan ba da labarin wanda ya mallaki abin. Mai saye don sayarwa baƙo ne a wannan zumunci, shi ya sa ake yi wa irinsa laƙabi da tsuntsayen asuba, har wasu sanarwowi sukan gargaɗe su kada su zo kafin lokaci.

Akwai abin da ya kamata ɗaliban tattalin arziki su lura da shi a nan. A sanannen nazarinsa na 1970 kan kasuwar tsoffin motoci, George Akerlof ya gina hujjarsa kan cewa mai sayarwa ya fi mai saye sanin aibin kaya. A ƙofar gida lamarin a juye yake. Mai sayarwa ya san tarihin abin, ya san kakarsa ce ta bar shi, amma bai san sunansa na kasuwa ba. Labaran da suka shahara duk a kan wannan giɓi suke. A 1989 wani mutum ya sayi tsohon zane kan dala 4 a wata kasuwar tarkace ta Adamstown, jihar Pennsylvania, don sha'awar katakon da ke kewaye da shi, sai ya tarar a bayansa an ɓoye ɗaya daga cikin kofen farko na takardar shelar ƴancin kan Amurka ta 1776. Gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da ita kan dala miliyan 2.42 a 1991. Wani ɗan farin kwano da aka saya dala 3 a 2007 ya tabbata tangaran ɗin Sin ne na zamanin daular Song, aka sayar da shi fiye da dala miliyan 2 a 2013. Irin waɗannan labarai ba su wakiltar sana'ar, kamar yadda wanda ya ci caca ba ya wakiltar masu zuba kuɗi. Amma su ne ke tayar da mutane da asuba.

Kafin intanet, sanin suna na biyu gado ne na ƴan tsiraru. Sai an yi shekaru ana hulɗa da dillalai, ana karanta littattafan farashi da ake bugawa shekara-shekara. Ko mutum ya san abin da ya tsinta, sai ya nemi wanda zai saya a garinsu, ko ya miƙa shi ga mai shago kan abin da ya ga dama ya biya.

4. Shekarar 1995 da abin da ya biyo baya

A watan Satumba na 1995 Pierre Omidyar, wanda aka haifa a Paris a 1967, iyayensa ƴan Iran, ya buɗe wani dandalin gwanjo a intanet daga jihar Kalifoniya da sunan AuctionWeb. A 1997 aka sake masa suna eBay. Daga cikin abubuwan farko da aka sayar akwai wani lalataccen alƙalamin haske, irin wanda malamai ke nuni da shi a allo, kan dala 14.83. Akwai kuma labarin da jaridu suka daɗe suna maimaitawa, wai ya kafa dandalin ne don budurwarsa mai tara kwankunan alewar Pez. Littafin Adam Cohen na 2002 kan tarihin kamfanin ya bayyana cewa ma'aikaciyar hulɗa da jaridu ce ta ƙirƙiro shi. Wanda zai rubuta tarihin wannan sana'a sai ya yi hattara, domin masu ita gwanayen ƙawata labari ne.

Abu biyu suka sake. Na farko, mai saye ya daina zama mutumin unguwa, ya zama duk wanda gidan waya zai iya kai wa saƙo. Tsohon rediyon da babu mai so a ƙauyen Ohio yana iya samun mutum uku masu rububinsa a Jamus da Japan. Tsarin ba juna shaida bayan kowane ciniki, wanda aka shigo da shi a 1996, ya tsaya a matsayin amanar da sanayya ke bayarwa a kasuwar gari. Na biyu, kuma shi ne ya fi damunmu, a intanet ba a ganin kaya sai an kira sunansa. A ƙofar gida ido ne ke yawo a kan tebur har ya faɗa kan abu. A dandali kuwa mai saye kalmomi yake bugawa, abin da ba ya ɗauke da waɗannan kalmomi tamkar babu shi. Saboda haka aikin mai sayarwa ya koma aikin rubuta take. A eBay haruffa 55 kawai aka yarda a sa a take, sai a 2011 aka ƙara zuwa 80. A cikin wannan ɗan fili ake cusa sunan masana'anta, da zamani, da launi, da girma, babu aikatau, babu mahaɗi, jerin sunaye da siffofi tsagwaronsu. Wani salon harshe ne da ya cancanci nazari na musamman. Har an samu masu farautar kuskuren rubutu: wanda ya rubuta sunan kamfani ba daidai ba, kayansa ba sa bayyana ga masu nema, sai mai wayo ya nemo kuskuren da gangan ya saye da araha.

Kalmar da ta fi kowace cin riba a wannan zamani ita ce « vintage ». Asalinta tsohuwar kalmar Faransanci ce da ta ba da « vendange », girbin inabi. Ta ƙetare zuwa Ingila, ta zama sunan giyar shekara mai kyau, ta faɗaɗa zuwa duk tsohon abu mai daraja, sa'an nan ta komo Faransa da lafazin Ingilishi. Rigar da ake kira « fripe » da wadda ake kira « vintage » sau da yawa riga ɗaya ce, farashin ne ya bambanta.

Bari in kawo abin da na gani da idona. Lokacin da nake karatun digiri na uku a Faransa, wata Lahadi na je « vide-grenier » na wani ƙaramin gari. A cikin wani kwali, tsakanin tsoffin cokula, na tarar da alabe na jar fata mai ado da kore, aikin dukawanmu, irin wanda na taso ina gani a hannun dattawa a Damagaram. Matar ta ce mahaifinta ya yi aiki a Nijar bayan samun ƴancin kai, abin kuma ta kira shi « un truc africain », wani abu dai na Afirka. Yuro 3 na biya. Da na koma ɗaki na duba dandalin, sai na ga ire-irensa da dama, kusan dukansu an rubuta musu « touareg ». Wasu na Abzinawa ne da gaske, wasu kuwa ko daga nesa an san ɗinkin Bahaushe ne. Masu sayarwar sun gano cewa « touareg » kalma ce da ake nema, mai ɗauke da hamada da raƙumi da shuɗin rawani, « haoussa » kuwa ba ta cikin abin da Bafaranshe ke bugawa. Sunan da ke kawo kuɗi ba lalle ne ya zama sunan gaskiya ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne ɗalibin da zai tattara bayanai kan sana'ar dukanci daga irin waɗannan hotuna, ya gaji kuskuren bai sani ba.

Dandamali suka yi ta ƙaruwa: Leboncoin a Faransa a 2006, Vinted da aka kafa a Vilnius ta ƙasar Lituwaniya a 2008, Facebook Marketplace a 2016. Amma abin da ya buɗe ƙofa shi ne kuma ya rage riba. Da wayar salula ta shiga aljihun kowa, mai gida ma yana iya duba nawa aka sayar da irin kayansa jiya, kuma tun 2017 manhajar Google Lens tana gane abu daga hoto ta faɗi sunansa. Ilimin da dillali ke tarawa cikin shekara ashirin ya zama na daƙiƙa ashirin. Abin da ya rage wa mai sana'a shi ne sammako, da haƙurin wanki da awo da ɗaure kwali, da sanin abin da hoto ba ya nunawa, kamar nauyin azurfa a hannu ko bambancin ɗinkin asali da na jabu. Daga abin da ya samu kuma sai ya fitar da la'adar dandali da kuɗin aikawa.

5. Sunan da hukuma ke bayarwa

Hukuma ita ma da suna ta shigo, amma sunan mutum take tambaya: mai rabuwa da kayansa ne, ko ɗan kasuwa? A dokar kasuwanci ta Faransa, saye da niyyar sayarwa shi ne ainihin aikin ɗan kasuwa. Dokar 4 ga Agusta 2008 ta ƙayyade cewa wanda ba ɗan kasuwa ba sau biyu kawai a shekara zai baje kaya a « vide-grenier », kuma nasa na kansa waɗanda aka yi amfani da su. Wannan doka ce kuma ta ƙirƙiro matsayin « auto-entrepreneur », wanda ya fara aiki a 2009, ya ba ƙananan masu sana'a hanyar rajista mai sauƙi. Tun daga 2023 ƙa'idar Tarayyar Turai ta wajabta wa dandamali su kai wa ofishin haraji sunan duk wanda ya yi ciniki 30 ko ya wuce yuro 2,000 a shekara. A Amurka an yi ta kai da komo: a 2021 aka zartar a sauko da iyakar kai rahoto daga dala 20,000 zuwa 600, aka yi ta ɗage aiwatarwa, a 2025 aka mai da ita inda take.

6. Abin da bai samu suna ba

Da yamma, in an tashi kasuwa, abin da mai gida bai sayar ba kuma mai intanet bai ɗauka ba yakan tafi akwatin ƙungiyoyin agaji. A wuraren tantance tufafi na Faransa ana ware mafi kyau, wanda suke kira « la crème », don shagunan gida. Wani kashi mai yawa na sauran a matse shi cikin diloli masu kilo 45 zuwa 55, a sayar a kan sikeli kamar zamanin ƴan tsumma. A nan ne wannan tarihi ya iso ƙofarmu. Shekaru da dama diloli suna sauka a tashoshin Kwatano da Lome, su hau manyan motoci zuwa Nijar, wani kashi ya tsaya a kasuwanninmu, wani ya ƙetara Najeriya wadda ta daɗe da haramta shigo da su. Maraɗi ta ci moriyar wannan fito sosai, kamar yadda masu karatun Emmanuel Grégoire kan alhazan garin za su iya hasashe. Faɗuwar darajar kuɗin sefa a Janairun 1994 ta ƙara tsadar sabon kaya daga waje, rufe iyakar Benin a 2023 kuma ya dagula tsohuwar hanyar Kwatano.

Kalmominmu na wannan fage kusan duk baƙi ne. « Gwanjo » daga Yarbanci « gbànjo » take. Da yake Hausa ba ta da sautin /gb/, sai ta mai da shi /gw/. Ma'anarta ta farko ciniki na wa-ya-ƙara, daga baya ta ɗauki ma'anar tsoffin tufafi, har ya zama da kalma ɗaya muke kiran Sotheby's da tulin riguna a kan tabarma. A Nijar mun fi cewa « bosho ». « Dillali » daga Larabci « dallāl », « la'ada » daga « al-ʿāda », wato abin da aka saba. Dillaliya mai zagaya gidaje da kwanonin wata matar kulle ta kai wa wata, ba tare da ta faɗi mai su ba, ta daɗe tana yin aikin da dandali ke yi, har da yanke la'ada, sai dai ita ɓoye suna ne jarinta.

Ran fasa dila kuwa aikin sa suna yakan sake farawa daga tushe. Masu zaɓen fari su ne tsuntsayen asubarmu, kuma yanzu da yawa, musamman ƴan mata, sukan wanke abin da suka zaɓa su goge, su sa hotonsa a WhatsApp da sunan kamfanin da ke wuyan rigar. Wani lokaci ma kayan komawa suke yi. Amah Ayivi, ɗan Togo mazaunin Paris, ya yi suna da zaɓo tufafi daga dilolin kasuwar Hédzranawoé ta Lome, musamman shuɗɗan rigunan aiki na leburorin Faransa, yana mai da su Paris ƙarƙashin tambarin Marché Noir. Sun bar Faransa ana auna su da kilo, sun komo ana sayar da su ɗaya-ɗaya da sunan « vintage ».